Mai Kunne da Aksul ɗin Motar Likita

Mijin ƙanwata makanike ne, ni ma makanike ne, kuma gareji ɗaya muka raba biyu da shingen kwano, ni a gaba shi a baya. Sa'o'in juna ne mu, wata uku kacal na ba shi, amma tun ranar da ya auri ƙanwata yake ce mini Yaya, har da ɗan rusunawa. Wallahi wannan ladabin nasa ya fi zagi ci mini rai. Mutum ya fi ka a sana'ar ubanka, sannan ya riƙa rusuna maka, wurin wa za ka kai ƙara?

Mai Kunne kowa ke ce masa. Ni kuwa Ɗan Maigida. Na haura sittin, gemuna ya yi fari fat, ina da jikoki har tara, amma har yau Ɗan Maigida ne. Wato duk tsawon shekarun nan ba a ga wani abu a jikina da za a kira ni da shi ba, sai uban da ya haife ni.

Shi ba a gareji ya tashi ba. Karen mota ne, irin waɗanda ke kwanciya a kan kaya, su diro su sa wa taya waigi in an tsaya a gangare. Wata rana babbar motar da yake bi ta shigo garejinmu tana gurnani. Baba, Allah ya jiƙansa, ya zagaya ta sau biyu, ya ce in shiga ƙarƙashi in duba. Shekarata ashirin a lokacin, goma daga ciki a ramin gareji na yi su. Na fito ina goge hannu na ce giya ce. Sai muka ji murya daga saman buhuna.

"Ba giya ba ce. Boris ne, na tayar baya ta hagu, na ciki."

Na ɗaga kai na ga wani siririn saurayi, riga duk baƙin mai, ƙafa ba takalmi. Na ce, "Kai kuma wa ya sa da kai?" Baba bai ko kalle ni ba, ya ce a kwance tayar. Aka kwance, boris ɗin ya zubo ƙasa gutsi-gutsi. Da Baba ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, sai ya ce kwana uku yana kwance daidai saitin wurin, kuma kukan yana ƙaruwa in an sha kwanar dama, yana raguwa in an sha ta hagu. Motar ta tafi ba tare da shi ba. Da yamma na gan shi cikin tsohuwar rigar aikina, wadda Inna ta yi wa faci a gwiwar hannu.

Daga nan na shiga uku. Ni ne na yi makaranta, ni ke karanta wa Baba littafin inji, ni na san lambar kowane noti. Shi ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma mota ta shigo da wani ƙara da ya gagari kowa, sai in ji Baba ya ɗaga murya ta saman kaina, "Kira mini Mai Kunne." Ni ake aika in kira shi.

Yadda yake aikinsa kuwa, ban taɓa ganin wani ya yi ba. Zai cire kujerar baya gaba ɗaya, ya shimfiɗa wani tsohon bargo, ya kwanta rubda-ciki, ya manna kunne a ƙarfen ƙasan mota. Wani ne zai tuƙa, don shi tuƙinsa abin tausayi ne, har ya tsufa bai yi lasisi ba. Ba ya magana in yana saurare. Da 'yar sifana yake ƙwanƙwasa ƙarfe: sau ɗaya, ƙara wuta, sau biyu, ɗaga ƙafa daga totur, sau uku, a koma gida. In ya fito sai ya kakkaɓe riga ya faɗi abin da ke damun motar cikin kalma biyar ko shida, ya ɗauki kayan aiki. Na gwada kwanciyar nan sau da dama in ba kowa a garejin, ban ji komai ba sai rugugi da ciwon wuya.

Ƙanwata ita ke kawo mana abincin rana. Na lura kwanonsa ya fara fin nawa nama, na kai ƙara wurin Inna, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe ni kaɗai ne ban sani ba a gidan. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure. Baba ya yi ta washe baki kamar shi ne angon. Ni aka ba aikin jera kujeru.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa kama shi da wani abin kunya ba, kuma na nema. Ba ya musu, ba ya zaman gulma a teburin mai shayi, ba ya barin rediyo a rumfarsa, wai yana hana shi jin aiki. Sifanoninsa a jere suke a jikin ƙusoshi daga ƙarami zuwa babba, in ka ari ɗaya ka mayar ba daidai ba, ba zai ce maka komai ba, sai dai ya tashi ya gyara a gabanka. 'Ya'ya biyar suka haifa, bai sa ko ɗaya a gareji ba. Babbar malamar makaranta ce yanzu. In na takale shi da faɗa sai ya ce, "Gaskiyarka, Yaya," ya ci gaba da abin da yake yi, ni kuwa in wuni ina huci.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali, ya ce a raba garejin biyu, ni in zaɓa. Na zaɓi gaba, bakin titi, ina murna a raina na yi masa wayo. Af, ashe mai gadi na mayar da kaina. Masu mota su shigo, su sauke gilashi, su ce, "Sannu da aiki, Ɗan Maigida, yana ciki?" In ce yana ciki. Su wuce ta ƙofar shinge. Ni sai masu canjin mai da masu birki suka rage mini.

Abu ɗaya nake da shi da ba shi da shi: motar Likita.

Likita tsoho ne, ya haura tamanin, ya daɗe da barin aikin asibiti. Motar ya saye ta sabuwa a shekarar da ya fara aiki, kuma tun daga ranar Baba ke duba masa ita. Doguwa ce, mai faɗin ƙirji, launin madara, kujerun jar fata, giyarta a jikin sitiyari. In ta bi titi har masu sababbin motoci sai sun rage gudu sun kalla. Bayan rasuwar Baba, Likita ya tsaya da ita a rumfata, bai wuce ciki ba. Ya ce, "Hannun babanka ta saba da shi, kai ne jininsa." Shekara goma sha takwas ina riƙe da wannan maganar. Duk ranar da ya kawo ta, a bakin titi nake ajiye ta, in buɗe bonet, in yi ta jan aikin har yamma don kowa ya gani.

Da injinta na asali ya mutu, ni na ba da shawara a sa mata wanda ya fi shi girma. Na samo, na ɗora, ta tashi tana ruri, Likita ya yaba mini a gaban mutane. Abin da ban lissafa ba shi ne aksul ɗin baya, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya biyu, mai tulu a tsakiya inda haƙora ke karɓar ƙarfin inji su raba wa tayoyi. Nata siriri ne, an yi shi don ƙaramin inji. Wata huɗu sandar da ke cikinsa ta karye. Na sa wata irinta. Ta sake karyewa. Na sake sa wata, na ce wa Likita ƙafarsa ce ta yi nauyi. Ta ukun a ƙofar asibitin da ya yi wa aiki shekara talatin ta karye, tayar ta zare ta fito waje, ma'aikata suka fito suna yi masa sannu.

Washegari aka jawo ta da igiya. Na miƙe ina naɗe hannun riga, sai na ga motar da ke jan ta ba ta tsaya ba. Likita yana zaune a gaba, ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Kada ka ji komai, Ɗan Maigida, bari shi ma ya gwada." Suka wuce ta ƙofar shinge. Kada in ji komai! Mai faci da ke gefen rumfata ya ce, "Yau kuma amarya ta sauya ɗaki?" Na ɗauki ƙarfen taya na bi shi, sai da mai fenti ya riƙe ni.

Akwai wata huda a jikin shingen, daidai bayan durom ɗin ruwana. Sati biyu na yi ina wanke hannu sau ashirin a rana.

Ta hudar na ga komai. Bai ko kalli karyayyar sandar ba. Kwana biyu ya yi yana yawo a wurin masu sayar da matattun motoci, ya dawo da aksul na wata tsohuwar motar asibiti, mai kauri, duk tsatsa, sai da ƙarti huɗu suka sauke shi. Na ce a raina to ga ta nan, wannan ya fi motar faɗi, tayoyi za su leƙo waje kamar kunnuwan tukunya. Ashe ya auna. Ya yanke yatsa biyu daga kowane gefe, ya zura doguwar sanda miƙaƙƙiya ta ciki don kada ya karkace, ya yi walda kaɗan-kaɗan yana juya shi, yana barin ya huce. Ya fasa mazaunin sifirin na da, ya ƙera sababbi. Kafin ya liƙa su sai da ya sauke nauyin motar a kai, ya rataya zare da noti a bakin tulun, yana ɗaga shi yana saukewa har hancin tulun ya kalli giya yadda yake so. Ya rage tsawon farfela, sandar da ke kawo ƙarfin inji daga giya zuwa tulun. Ya ja sababbin bututun birki. Ya buɗe tulun, ya wanke haƙoran da kananzir, ya sa sababbin boris, ya shafa wa haƙoran jan fenti ya juya su don ya ga inda suke cizon juna.

Ina kallo ina tsaki, ina kuma koyo, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kusan shekara hamsin ina aikin nan, bai taɓa zuwa mini a kai ba cewa in sanda ta karye sau biyu, ba sandar ce ke da laifi ba.

Cikin kwanakin nan sau biyu na yi masa magana ta saman shinge yana sunkuye, bai ɗago ba. Na ce lallai, an samu motar Likita, kai ya kumbura. Na kuma ga ƙanwata in ta kawo masa abinci sai ta zagayo ta gabansa, ta taɓa kafaɗarsa, ta yi masa magana tana kallon fuskarsa. Na ce ji tsofaffin banza, da jikoki ana soyayya a gareji.

Ranar da ya gama, da hantsi, sai ga shi a rumfata yana murza hula a hannu.

"Yaya, alfarma na zo nema. Za mu fita gwaji, ina so kai ka tuƙa."

Na ce, "Direbobi sun ƙare ne a garin?"

Yana kallon bakina ya ce, "Kai ka san ta. Don Allah, Yaya."

Na so in ƙi. Amma sati biyu ban taɓa sitiyarin nan ba, kuma ina so in ji da kaina ko aikin ya yi. Na ajiye abin da ke hannuna na bi shi.

Ya riga ya cire kujerar baya, bargon nan na shimfiɗe. Likita ya zauna kusa da ni da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Muka fita ta gaban rumfata, muka bi ta bayan kasuwa, muka hau doguwar hanyar da ta wuce gidan mai. Ƙwas, na ji sifana sau ɗaya. Na taka. Kai, motar nan ta miƙe kamar ba ita ba, ba girgiza, ba karkarwa, bayanta ya zauna daram. Likita ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, ta tafi har abada.

Ƙwas, ƙwas. Na ɗaga ƙafa.

Sai na ji shi. Wani siririn kuka daga baya, can ƙasa, kamar sauro a kusa da kunne. Ina taka totur ya ɗauke, ina ɗaga ƙafa ya dawo. Ba mai ƙarfi ba ne, amma duk makaniken da ya san abin da yake yi zai ji shi, balle wanda kunnensa ke manne da ƙarfen. Irin kukan nan ne da in aka bar shi, wata shida haƙoran sun cinye juna. Na jira in ji ya sake ƙwanƙwasa biyu, don haka yake yi in ya kama wani abu, sai an maimaita masa sau biyar. Shiru. Can sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, a koma gida.

Na dubi Likita, na ga shi bai ji komai ba, da ma kunnen ɗan tamanin ne. Na ɗan juya kai na ce, "Ka ji kuwa?" Tsakanina da Mai Kunne bai fi kamu uku ba. Bai motsa ba. Na ƙara ɗaga murya kaɗan na kira shi. Ko gezau.

A nan komai ya faɗo mini: maganar saman shinge, ƙanwata da taɓa kafaɗa, yadda yake kallon bakina da safe. Kunnen ya tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayi ne ya fara zuwa mini ba. Daɗi ne, wani irin daɗi mai zafi da ya taso mini. Shekara arba'in ina jiran ranar da zan ji abin da bai ji ba.

Muka shigo gareji, mutane suka taru, mai faci, mai fenti, mai shayi da butarsa, da direbobi uku da ke jiran a duba musu motoci. Mai Kunne ya fito yana kakkaɓe riga. Likita ya ce, "To, malam, me ka ji?"

Ya ce, "Ni dai ban ji abin aibu ba." Sai ya juyo wurina, ya rage murya, ya ɗan kama hannun rigata. "Yaya, zo mu leƙa ƙarƙashi tare."

Na fizge hannuna.

"Ba ka ji abin aibu ba? Motar da ke kuka tun daga gidan mai har nan? Jama'a, ku tsaya ku ga wani abu."

Na zagaya bayansa. Ya tsaya yana kallon Likita, bai san me nake shiryawa ba. Na ɗauki sifana biyu na buga su a bayan kunnensa na dama, ƙal, ƙal. Bai juyo ba. Na ce da ƙarfi yadda har na bakin titi zai ji, "Mai Kunne! Wai Mai Kunne! Ga wanda kuke wuce ni kuna kawo wa motocinku!" Ɗaya daga cikin direbobin ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye ta. Mai shayi ya ajiye butarsa a ƙasa.

Fuskokinsu ya gani ya juyo. Ya dubi sifanonin da ke hannuna, ya dube ni. Na shirya wa zagi, na shirya wa dambe ma. Sai ya ce, a hankali, ba ko rawar murya:

"Shekara biyu ke nan, Yaya. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Shi ya sa na ce kai za ka tuƙa. Direbobi ai ga su nan birjik. Kunnenka na zo aro. Na ce in ta yi kuka, kai ɗan gida ne, za ka ja ni gefe ka faɗa mini."

Likita ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Ni kuwa ina tsaye da sifana biyu, na rasa inda zan ajiye su.

Shi ne ma ya cece ni. Ya matso ya kafa ido a bakina ya ce, "A ina ta yi kukan? In ka taka, ko in ka ɗaga ƙafa?"

Na ce, "In na ɗaga."

"Siriri ko mai kauri?"

"Siriri."

Ya gyaɗa kai. "Notin hancin tulu ne, bai gama kama boris ba." Ya karɓi sifana ɗaya daga hannuna, ya rataye ta a ƙusarta, ya ɗauki wata babba, ya shiga rami. Ya sauke farfela, ya riƙa ɗaure notin kaɗan-kaɗan yana juya hancin da yatsu biyu, idonsa a rufe. Kafin la'asar ya gama. Muka sake fita, wannan karon bai kwanta a baya ba, ya zauna kusa da ni yana kallon fuskata. Na ɗaga ƙafa sau goma, ban ji ko ƙis ba. Na girgiza masa kai alamar babu. Ya ce, "Madalla. Na gode, Yaya." Ko a wannan halin, da yatsu biyu ya gyara abin da ni da kunnuwana biyu da sai na kwana uku ina lalube.

Gareji ba ya riƙe magana. Kafin sati ya ƙare labari ya kai tasha. Masu mota suka fara tsayawa a rumfata, suna cewa ai sun ji abin da ya samu bawan Allah, kuma sun ji ni na gano. Wasu da suka shekara goma sha takwas suna wuce ni yanzu su ne ke ce mini injiniya. Ta hudar shinge sai in hango shi zaune a kan benci, sifanoni a jere, rami ba mota. Wata uku ya yi a haka. Ran nan da safe ya kawo mini makullin rumfarsa ya ce in riƙa amfani da ramin, ya fi nawa zurfi. Ya naɗe bargonsa a hammata ya tafi gida a ƙafa.

Motar Likita ta dawo hannuna. Ɗansa ne ke tuƙa shi yanzu, yaro mai ƙafar dutse, amma shekara uku aksul ɗin nan ko tari bai yi ba. Duk lokacin da na shiga ƙarƙashinta canjin mai, sai na haska waldar nan da tocila ina neman inda ta tsage. Babu. Layi ne sumul, kamar da inji aka ja shi. Na samu garejin gaba da baya, na samu masu mota, na samu motar, kuma har yau in na kalli waldar nan sai na san Mai Kunne ya fi ni.

Ƙanwata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Gaisuwa kawai, ina kwana Yaya, lafiya lau, shi ke nan. Ta daina aiko mini da komai, ni ma na daina zuwa gidan. Sai watan jiya, da na ji an ce kunnensa na hagun ma ya kusa ƙarewa, na sa riga mai kyau bayan la'asar na tafi.

Ita ta amsa sallama, ta nuna mini tsakar gida da haɓa, ta koma ƙofar kicin ta tsaya. Yana zaune a kan tabarma da keken ɗinkinta a gabansa, ya kwance shi, ya jera ƙananan sukurori a kan faranti. Yana juya ƙafar keken da hannu ɗaya, ɗaya tafin a manne da jikinsa. Ya rame. Da ya ga inuwata ya ɗago, fuskarsa ta washe, ya yunƙura zai rusuna, na danne kafaɗarsa na zauna.

Ya koma kan aikinsa. Na daɗe ina kallon hannayensa. Tun daga gida na haddace abin da zan faɗa, kalma uku ce kawai. Na gyara murya na ce, "Ka yafe mini."

Bai ɗago ba, yana ta juya keken.

Na sake faɗa, ƙasa-ƙasa, don maƙwabta na jin komai ta saman katangar nan. Sai ya ɗago ya ga bakina na motsi, ya ajiye sukudireba ya karkato da kunnen hagu.

"Ka yi magana, Yaya?"

Daga ƙofar kicin ƙanwata ta ce, "Sai ka ɗaga murya. Ai ka iya."

Na dube ta, na dubi katangar, na dube shi yana jira da murmushinsa. Na cika ƙirji da iska, na buɗe baki, na ce da ƙarfi, "Na ce me ya samu keken?"

Ya ce, "Au, zare yake tsinkewa. Na kusa gano shi."